Batirin da Ba Don Baki Aka Ƙera Shi Ba

A shekarar 2003 Hon Lik, wani masanin harhaɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, ya ƙirƙiro sigarin lantarki na zamani: ƙaramin batir ya ɗumama murɗaɗɗiyar waya, ruwan nikotin ya zama tururi. Ba a jima ba wasu masu zuƙarsa a Amurka da Turai suka raina yawan tururin. Sai suka koma murɗa wayar da hannunsu, suna rage turjiyarta zuwa ƙasa da om 1, suna ɗaura ta a kan bututun ƙarfe marar na'urar kariya.

Batirin da suke zurawa a bututun, mai lamba 18650, asalinsa na kayayyaki ne irin su kwamfutar tafi-da-gidanka, inda akwai na'urar da ke katse wuta idan ta yi yawa. A bututun kuwa, hukunci na ƙa'idar da Georg Ohm ya wallafa a 1827 ne: gwargwadon raguwar turjiya, gwargwadon ƙaruwar wutar da ake ja. Cikakken batir yana da bolt 4.2. Wayar om 0.2 tana jan amfiya 21, ta om 0.1 kuma 42, alhali ƙarfafan cikin waɗannan batura ba su cika jure fiye da 20 zuwa 30 ba. Idan aka ƙetare iyaka, batirin ya ɗau zafi, iska ta taru a ciki, bututun ya tarwatse.

Hukumar kula da gobara ta Amurka ta ƙirga fashewa da gobara 195 na sigarin lantarki tsakanin 2009 da 2016. A 2018 irin wannan bututu ya kashe wani mutum a Fulorida. Shi ya sa ƙwararrun masu murɗa waya ba sa kunnawa sai sun auna turjiya, sun san iyakar batir, sun kuma jingine duk wanda rigarsa ta yage.