Makarantun Wuni na Yahudawan Amurka: Daga Neman Karɓuwa zuwa Tsoron Narkewa

Tsakanin 1880 da 1924, Yahudawa kimanin miliyan biyu suka yi ƙaura daga Gabashin Turai zuwa Amurka. Babban burin akasarinsu shi ne ƙasar ta karɓe su a matsayin 'ya'yanta, saboda haka suka tura yaransu makarantun gwamnati. Ilimin addini kuwa aka bar shi ga darussan yamma da ake kira Talmud Tora, inda yaro kan koyi Ibrananci da addu'o'i. Makarantar Etz Chaim, wadda aka buɗe a New York a 1886 domin riƙe yaro wuni guda, ba ta da takwarori da yawa, domin mutane da dama suna kallon irinta a matsayin komawa ga keɓewar da suka baro.

A 1925 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar wa iyaye 'yancin sanya 'ya'yansu a makarantu masu zaman kansu. A 1937 aka kafa makarantar Ramaz a New York da ta Maimonides a Boston, waɗanda suka haɗa karatun Attaura da Talmud da ilimin zamani a manhaja guda. Sai dai abin da ya fi sauya tunanin al'ummar shi ne kisan kiyashin 'yan Nazi, wanda ya rusa cibiyoyin ilimin Yahudanci na Turai. A 1944 malamin nan Shraga Feivel Mendlowitz ya kafa ƙungiyar Torah Umesorah domin yaɗa makarantun wuni a garuruwan Amurka.

Da karɓuwa ta samu, sai wata fargaba ta kunno kai. Ƙididdigar al'ummar ta 1990 ta nuna cewa kashi 52 cikin ɗari na waɗanda suka yi aure a shekarun da suka gabace ta sun auri waɗanda ba Yahudawa ba. Ko da yake an yi jayayya kan adadin, ya sa shugabanni suka ɗauki makaranta a matsayin garkuwa. Ƙidayar gidauniyar AVI CHAI ta 2018 zuwa 2019 ta samu ɗalibai sama da 290,000 a makarantu fiye da 900, galibinsu na masu tsananin riƙo da addini.

A nan masana zamantakewa suka yi saɓani. Tabbas waɗanda suka yi makarantun sun fi kiyaye ibada da auren juna. Amma shin makaranta ce ta gina wannan riƙo, ko kuwa gidajen da tuni suke da shi ne ke zaɓen ta? Tsadar kuɗin makaranta ma na tace masu shiga. Abin da tarihin ya nuna shi ne, makaranta ta fi tasiri inda gida da unguwa da majami'a suka dafa mata.