Tiyatar kaba ta ƙaramin huji

Tiyatar kaba ta ƙaramin huji, wadda likitoci ke kira laparoskofi, hanya ce ta gyaran kaba ba tare da an yi wa ciki babbar tsaga ba. Kaba ita ce leƙowar hanji ko kitsen ciki ta wani wuri mai rauni a bangon ciki, kamar matsematsi, cibiya ko tabon tsohuwar tiyata. Idan ta gangara maraina ana ce mata gwaiwa, kodayake Hausawa kan kira taruwar ruwa a maraina da wannan sunan, alhali cuta ce daban.

Yadda ake yin ta

Ana sa majinyaci barci gaba ɗaya. Likita yakan huda ciki wuri uku, kowane huji milimita 5 zuwa 12, ya hura iskar kabon dayoksaid don ciki ya buɗe, sannan ya zura siririyar kyamara. Yana kallon allo yake mayar da hanjin mazauninsa, ya shimfiɗa raga ta roba ta toshe ɓular daga ciki. Likitocin Amurka Karl LeBlanc da William Booth ne suka bayyana wannan gyara na kabar gaban ciki a 1993. Zafin bayan tiyata ya fi sauƙi, miki bai cika ruɓewa ba, kuma mutum yakan koma aiki da wuri.

A masarautar Gumel

Masarautar ta ƙunshi Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, inda noma da kiwo suka fi yawa, kuma ɗaukar nauyi kan fito da kaba fili. Laparoskofi na buƙatar na'ura mai tsada, wutar lantarki tsayayya da ƙwararren mai sa barci, don haka an fi samunta a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Tiyatar tsaga ta salon Lichtenstein kuwa ana iya yin ta da allurar kashe zafi a wurin kaɗai, kuma yawan dawowar kaba bayan hanyoyin biyu kusan ɗaya ne a hannun ƙwararre.

Jinkiri ya fi rashin na'ura haɗari. Jiƙo ko ɗamara ba sa rufe ɓular. Idan kumburin ya ƙi komawa, ya yi tauri da zafi, ga amai, ga rashin bayan gida, alama ce hanji ya shaƙe, kuma yana iya mutuwa cikin sa'o'i kaɗan. Irin wannan majinyaci asibiti mafi kusa ake kai shi, kamar Babban Asibitin Gumel, ba a jira wayewar gari.