Tsuntsun da ya riƙe baitulmalin Peru

Tsakanin 1840 da 1880 ƙasar Peru ta sayar wa manoman Turai da Amurka kashin tsuntsaye fiye da tan miliyan 10, kuma da kuɗinsa take biyan soja da ma'aikata. Akasarinsa daga tsibiran Chincha aka kwaso shi, inda guanay, tsuntsun teku mai baƙin baya da farin ƙirji, ke yin sheƙa a cunkushe. Yakan fita garke-garke, ya yi nitso ya kamo ancobeta, ƙaramin kifin da ruwan sanyin gaɓar nan ke tarawa, ya dawo ya yi kashi a kan dutse. Ruwan sama bai cika sauka a can ba, saboda haka babu abin da ke wanke ƙarfin takin, har tudunsa ya haura mita 30 a wasu wurare.

Kuskuren mahukuntan Peru shi ne sun ɗauki wannan tudu a matsayin ma'adini, kamar kanwa, alhali kuwa kiwo ne. Sarakunan Inka, da suka mulki ƙasar a zamanin da, sun fi su ganewa. Marubuci Garcilaso de la Vega ya rubuta a 1609 cewa a zamaninsu kisa ne hukuncin wanda ya kashe tsuntsun ko ya taka tsibiri lokacin ƙyanƙyasa. 'Yan kwangilar da suka biyo baya sai suka tarwatsa sheƙuna, suka ci ƙwai, suka yashe cikin shekara talatin abin da ya taru tun kaka da kakanni. A 1876 Peru ta kasa biyan bashin da ta jinginar da takin a kansa.

Wani zai ce ai da kuɗin nan Shugaba Ramón Castilla ya 'yanta bayi a 1854. Haka ne, amma iyayengijin bayin aka biya diyya, kuma tun 1849 ake jigilar 'yan ƙodago daga Sin suna haƙa cikin ƙura mai sarƙe numfashi, a halin da bai fi bauta ba. Wani kuma zai ɗora laifin a kan El Niño, da ke ɗumama teku ya kori kifi, tsuntsaye su mutu da yunwa. Wannan ma gaskiya ne, sai dai bayan 1909, da aka kafa kamfanin kula da takin, aka sa masu gadi, ana hutar da tsibirai bi da bi, tsuntsayen sun riƙa farfaɗowa bayan kowace masifa har suka kai miliyoyi masu yawa. Abin da suka kasa murmurewa daga gare shi shi ne jiragen kamun kifi, waɗanda tun daga shekarun 1950 suke kwashe ancobeta ana niƙawa don abincin kaji da aladu, har kifin ya durƙushe a 1972.