Jiran Krrish 4: Asalin Hasashen 'Yan Kallo a Ƙasar Hausa

A ƙarshen watan Maris na 2025 aka sanar cewa Hrithik Roshan da kansa zai ba da umarnin fim ɗin Krrish 4, kuma Aditya Chopra na kamfanin Yash Raj zai haɗa hannu da mahaifin jarumin, Rakesh Roshan, wajen shirya shi. Tun daga nan tsohon musu ya farfaɗo a shagunan caji da tura fim, daga Kazaure zuwa Roni, Gwiwa, Babura da ƙauyukan Yankwashi. Wannan ya rantse Jadoo, halittar saman nan ta Koi Mil Gaya, fim na farko a jerin, zai dawo. Wancan ya ce Rohit, mahaifin Krrish, bai mutu ba, baya za a koma cikin zamani a ɗauko shi. Akwai ma masu cewa jarumin zai fito a matsayin mutum uku, har da mugun fim ɗin. Duk cikinsu babu wanda ya ga ko minti ɗaya, amma in ka ji yadda suke kafa hujja sai ka ɗauka da su aka rubuta labarin.

Dattawa na cewa aikin waya ne, wai TikTok da Facebook ne suka koya wa yara surutu a kan abin da bai zo ba. 'Yan boko kuma na cewa daga Amurka aka kwaso ɗabi'ar, wurin masoya finafinan Marvel. Ni ban gamsu da ko ɗaya ba. Waya ta ƙara wa abin amo, ba shakka, amma a nan ta tarar da shi.

Jan rai da labari tsohon abu ne a wurinmu. A Dare Dubu da Ɗaya, katse labari da asuba ne ya hana a sare kan mai ba da shi. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito littafi uku a ƙarshen shekarun 1930, aku yana riƙe ɗan sarki da labari bayan labari don kada ya fita. Labarin sararin samaniya ma ba baƙo ba ne. A 1969, shekarar da Amurkawa suka taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro Kilba ya yi abota da Kolin Koliyo, wata halitta daga sama, suka yi yawon duniyoyi. Shekara 34 ke nan kafin Indiyawa su haɗa Rohit da Jadoo. Ina ganin shi ya sa Koi Mil Gaya bai yi wa Bahaushe wuyar shiga ba.

Makarantar farko ta hasashe dai silima ce. An buɗe silimar Rex a Kano a 1937, Palace kuma ta shigo cikin ganuwa a 1952. A shekarun 1950 ne 'yan kasuwa Kwarori suka fara kawo finafinan Indiya, suka ga sun fi na Turawa da na Larabawa jan jama'a. Mother India na 1957 ya yi shekaru da dama ana maimaita shi yana cika silima. Abin lura shi ne, galibin masu kallon ba sa jin harshen Indiyanci. Da ido da zuciya ake bin labarin. Wanda ya riga ya kalla sau biyar shi ne malami, yana gefe yana faɗa wa sauran abin da uwar ta ce wa ɗanta, ko da kuwa ba haka ta ce ba. In an tashi, a teburin mai shayi a ci gaba: me ya raba 'yan'uwan nan tun suna yara, don me bos ya kashe uban. Har laƙabi aka raɗa wa jaruman, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Mutanen da suka shafe shekara hamsin suna cike gurbin maganar da ba su ji ba, ba wuya su cike gurbin fim ɗin da ba su gani ba.

Makaranta ta biyu, wadda na fi ba muhimmanci, kasuwar Kano ce. A tsakiyar shekarun 1980 marubuta matasa suka fara buga littattafan soyayya da kuɗin aljihunsu. Marubucin da ba shi da jari ba zai iya buga labari mai shafi ɗari uku a tashi ɗaya ba. Sai ya raba shi. Ya buga na ɗaya, ya tsaya daidai inda aka ɗaura wa yarinya aure da wanda ba ta so, ya kai wa 'yan kasuwa, ya jira ciniki ya dawo kafin ya koma wurin mai ɗab'i. Jiran nan na iya kai watanni. Cikin watannin, littafi ɗaya zai zaga gidaje goma, bangonsa ya yage a liƙe shi, kowace mai karatu kuma ta ƙare labarin yadda take so. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990, kashi-kashi aka karanta shi.

Da bidiyo ya zo, sai ya gaji wannan tsari kamar yadda yake. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, Gimbiya Fatima ya biyo baya kashi-kashi, kuma kafin Sangaya da Wasila su girgiza kasuwa a ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000, fim mai kashi biyu ya zama al'ada. Dalilin ma ɗaya ne: furodusa na son kaset biyu daga labari ɗaya, dillalan Bata da Ƙofar Wambai ma haka suke so. Duk wanda ya girma a garuruwanmu na masarautar Kazaure lokacin ya san yadda ake yi. Mai shagon haya ya hau mota zuwa Kano ya sayo kasa-kasai, ya jera su a kanta da sunayensu rubuce a gefe. A aiki yaro da kuɗin haya, a kunna janareta, tsakar gida ta cika da maƙwabta. Ana tsakiyar daɗi, jarumi ya ɗaga hannu zai mari kishiya ko alƙali zai yanke hukunci, sai hoto ya tsaya cak, a rubuta a biyo su kashi na biyu. Washegari yaro ya koma shago, a ce masa bai fito ba tukuna. Mujallun Tauraruwa da Fim, waɗanda suka bayyana a ƙarshen shekarun 1990, sun samu masu saye ne a cikin mutanen da wannan jira ya hana sukuni. Babu Facebook a lokacin, babu wanda ya san Marvel.

A kan wannan shimfiɗa Koi Mil Gaya ya sauka a watan Agustan 2003. Rohit, saurayi mai tunanin yara, ya kunna na'urar da mahaifinsa ya bari, ya kira halittun sama ba da saninsa ba. Suka zo suka tafi, suka manta ɗayansu, Jadoo, mai samun ƙarfi daga hasken rana. Rekha ce uwar, Preity Zinta ce budurwar. A 2006 Krrish ya fito da ɗan Rohit, Krishna, wanda ya gaji baiwar, ya sa baƙin takunkumi a Singafo, ya kara da Naseeruddin Shah a matsayin wani masanin kimiyya mai kwamfutar da ke nuna abin da zai faru. A nan ne aka gano Rohit da ake zaton ya mutu yana raye a tsare. Masu cewa zai sake dawowa a na huɗu, wannan ce hujjarsu, kuma ba ta da rauni. A Nuwamban 2013 sai ga Krrish 3, da Vivek Oberoi a matsayin Kaal, inda Rohit ya sadaukar da ransa don ɗansa ya tashi. Har yau akwai masu zuwa shago neman Krrish 2. Babu shi; Koi Mil Gaya ne na ɗaya, Krrish na biyu.

Daga nan jira ya yi tsawo. An fara sa ran na huɗu a Kirsimetin 2018, aka ɗaga zuwa ta 2020. Rakesh Roshan ya kamu da ciwon dajin maƙogwaro, aka yi masa aiki a farkon 2019, annobar korona kuma ta biyo baya. Shi da bakinsa ya sha cewa kuɗin da fim ɗin ke bukata ne babban cikas.

Cikin waɗannan shekaru ne Indiya-Hausa ya canja komai. Kamfanoni irin su Algaita suka riƙa ɗora muryar Hausa a kan finafinan Indiya, har da na kudancin ƙasar da a da ba a san su sosai ba a nan. Kaset ya mutu, faifai ya bi shi. Yanzu saurayi ne zaune da kwamfuta a shagon caji, wayoyi jere a kan katako, ka miƙa masa memori ya tura maka finafinai da 'yan canji. Da aka fara jin magana, sai hasashen ya tashi daga me suka ce ya koma me zai faru. Baahubali na 2015 ya nuna haka ƙarara: shekara biyu ana gardamar dalilin da ya sa Kattappa ya kashe ubangidansa, sai 2017 aka huta. Haka aka yi da Labarina na Aminu Saira a Arewa24, da Nafisa Abdullahi ta bar shirin, kowa ya zama marubuci a kan makomar Sumayya, wadda ta fito a matsayinta. Haka ake yi yanzu da ci gaban Kalki 2898 AD, tun da kamfanin Vyjayanthi ya sanar a Satumban 2025 cewa Deepika Padukone ba za ta fito a kashi na biyu ba.

Abin da waya ta kawo sabo, kuma shi ne ke ba ni haushi, tallan bogi ne. Wani ya yanko guntaye daga tsofaffin finafinai, ya haɗa da hoton da kwamfuta ta ƙirƙira, ya ɗora a YouTube da sunan tallan Krrish 4. Hasashen zamanin kaset ba shi da wannan algus ɗin. Kowa ya san ra'ayi ne, mai shi yana zaune a gabanka, kuma ranar da kashi na biyu ya fito za a tsare shi a yi masa dariya.

Tun da kowa na faɗin nasa, ga nawa. Jadoo zai dawo, don yaran da suka yi masa kuka a 2003 su ne iyayen da ke da kuɗin tikiti yanzu, kuma Aditya Chopra ɗan kasuwa ne. Rohit ma zai dawo ta wata hanya, don Hrithik mai fitowa a matsayinsa, da aka haifa a Janairun 1974, ya fi dacewa da matsayin uba yanzu fiye da lokacin da ake shafa masa furfura.