Dokar gaggawa a majalisar Faransa: abin da gyaran 2008 ya taɓa da abin da ya bari

A tsarin mulkin Faransa na 1958, daftarin doka kan je gaban majalisar wakilai da ta dattawa sau biyu-biyu kafin a kafa kwamitin sulhu mai wakilai 7 da sanatoci 7. Idan gwamnati ta ce lamarin na gaggawa ne, karatu ɗaya a kowace majalisa ya wadatar. Gwamnatocin dama da na hagu duk sun sha fakewa da wannan dama.

A watan Yulin 2008, zamanin Nicolas Sarkozy, majalisun biyu suka zauna a Versailles suka gyara kundin da ƙuri'a 539, alhali 538 ake buƙata. Aya ta 42 ta tanadi makonni 6 tsakanin ajiye daftari da fara muhawara a majalisar farko, da makonni 4 a ta biyu. Aya ta 45 kuma ta ba kwamitocin shugabannin majalisun ikon ƙin amincewa da hanzartawa, amma sai in sun haɗa baki. Nan gizo ke saƙa: gwamnati takan riƙe rinjaye a majalisar wakilai, don haka da wuya su haɗu, kuma da zarar an hanzarta, waɗancan makonni sun faɗi.

An kuma rage ƙarfin aya ta 49.3, wadda ke ba firaminista damar zartar da doka ba tare da ƙuri'a ba, sai fa in an kayar da gwamnati da ƙuri'ar yankan ƙauna. Michel Rocard ya yi amfani da ita sau 28 daga 1988 zuwa 1991. Yanzu ta tsaya ga kasafin kuɗi, da kuɗin kula da jin daɗin jama'a, da daftari ɗaya a kowane zangon zama.

Ta wannan kafa ta kuɗi Elisabeth Borne ta bi a ranar 16 ga Maris 2023, ta ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64, gwamnatinta ta sha da ƙuri'a 9 kacal. Michel Barnier bai yi wannan sa'a ba: a ranar 4 ga Disambar 2024 wakilai 331 suka tumɓuke shi.