Sawun Rumawa da Yunanawa a Bakin Katsinawa

Almajirin da ya zauna a zauren malaminsa a birnin Katsina, ya fere alƙalami, ya ɗauki takarda, bai san cewa sunayen abubuwan nan biyu sun girmi ganuwar birnin da shekaru fiye da dubu ba. Kalma ita ma tana da asali da tarihi kamar mutum, kuma idan aka bi sawunta takan faɗi abin da littattafan sarauta ba su faɗa ba.

Masana harsuna sun kasa tsofaffin kalmomi kashi biyu, watau na gado da na aro. A ƙasar Turai aka fara wannan bincike, bayan da William Jones ya bayyana a Kalkata cikin 1786 cewa Sanskirit na Indiya da Yunananci da Latin tushensu ɗaya. Harshen Lituwaniya, wata ƙaramar ƙasa a bakin tekun Baltik, ya zama babban shaida a wannan fage. Ko da yake ba a buga littafi da shi ba sai 1547, ya riƙe tsohuwar siffar kalmomi fiye da maƙwabtansa. Ɗa namiji a wurinsu "sunus" ne, a Sanskirit "sunu", a Ingilishi kuwa kalmar ta goge ta zama "son". Ba wanda ya ara daga wani, gama duka daga kaka ɗaya suka gāda.

Hausa ma tana da irin wannan gado. Cikin 1950 Joseph Greenberg ya sa ta, tare da sauran harsunan Cadi, cikin dangi ɗaya da Larabci da Ibrananci da harsunan Barbar da na Misirawan dā. "Mutu" ta yi daidai da "mata" ta Larabci. "Huɗu" tana da 'yar'uwa a harshen Fir'aunoni, inda aka rubuta ta da baƙaƙen f, d, w. "Halshe", yadda mutanen yammacin ƙasar Hausa ke faɗi, ya fi "harshe" kusa da "lisan" ta Larabawa da "iles" ta Barbar. Waɗannan ba ayari ne ya kawo su ba, sun riga ayari.

Kalmomin aro kuwa hanyar fatauci suka biyo, a nan ne kuma Katsina ta shigo cikin zancen. Tun daga ƙarni na 15, zamanin da ake danganta wa Muhammadu Korau, birnin ya zama masaukin ayarin da ke ƙetare Sahara ta Agadas. Shehu Magili ya sauka a cikinsa wajen 1493, Shehu Suyuɗi na Misira kuma ya aiko wa sarkinsa Ibrahim wasiƙa. Fatake daga Tuwat da Gadamas suka yi unguwanni. Gadamas ɗin nan kuwa ta taɓa zama sansanin sojan Rum cikin ƙarni na 3, gama Rumawa sun mallaki bakin tekun Afirka ta Arewa tun da suka rushe Kartaj cikin 146 kafin haihuwar Annabi Isa.

To, ga takarda. Yunanawa suna kiran ganyen rubutu "khartes", Rumawa suka karɓa suka ce "charta". Barbar da ke zaune ƙarƙashin Rum suka ɗauka, suka liƙa mata "ta" a gaba, wadda ita ce alamar tamata a harshensu. Daga bakin Abzinawa ta iso ƙasar Hausa, kamar yadda takobi ya iso. Abin mamaki, kalmar nan ta sāke dawowa bayan 1903 ta wata ƙofa, domin "kati" da aka aro daga Ingilishi ita ma daga tushen nan ta fito.

Alƙalami hanyarsa dabam. Asalinsa "kalamos", watau kara ko iwa a Yunananci. Larabawa suka ce "ƙalam", malamai kuma suka kawo shi tare da "al" ɗinsa, yadda ya faru ga albasa da alkama da allura. Saboda haka siffar kalma kan nuna wanda ya rako ta: mai "ta" ta biyo Abzinawa, mai "al" ta biyo Larabawa.

Haka al'amarin kuɗi yake. Dirhami daga "drakhme" ta Yunanawa ya fito, dinari kuwa daga "denarius" na Rum. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinarin Musulunci mai rubutu zalla cikin shekara ta 77 ta Hijira, malaman fiƙihu kuma suka auna nisabin zakka da shi. Masana da yawa sun danganta kalmar zinariya da wannan dinari. Har wa yau, harafin "d" da akawuna ke rubutawa bayan lissafin kwabo, kafin a kawo naira cikin 1973, farkon sunan "denarius" ne. Ashe tsabar Rum ɗaya ta shigo kasuwar Katsina sau biyu, ta hamada da ta teku.

Amma akwai abin lura. Kamannin kalmomi biyu kaɗai ba hujja ba ne, sai an ga sauti yana canjawa bisa ƙa'ida cikin kalmomi da yawa, an kuma san hanyar da aka bi. Wanda ya ji takarda ya ce Hausawa jikokin Rumawa ne ya yi kuskure, gama aro ciniki yake nunawa, ba jini ba. Haka kuma wanda ke son a kori baƙin kalmomi don a tsarkake harshe, sai ya fara da alƙalamin da ke hannunsa.

Da Heinrich Barth ya sauka Katsina cikin 1851, ya tarar ciniki ya koma Kano, unguwanni da yawa sun zama kango, amma ya yabi Hausar Katsinawa da cewa ta fi ta ko'ina kyau. Ita wannan Hausar da ya yaba cike take da kalmomin da ayari ya sauke, waɗanda suka zauna har aka manta baƙi ne.