Rikicin Mulkin Kai na 1953

Rikicin Mulkin Kai na 1953 taƙaddama ce da ta kusa raba Nijeriya kafin 'yanci.

A ranar 31 ga Maris, 1953, Anthony Enahoro na jam'iyyar AG ya gabatar da ƙuduri a Majalisar Wakilai a Legas, yana neman mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya nemi a cire shekarar, a ce sai lokacin da ya dace. Damuwarsa tana da tushe, domin 'yan boko a Arewa kaɗan ne a lokacin, ana kuma tsoron ma'aikatan Kudu su mamaye ofisoshi. Da wakilan Arewa suka fito daga majalisar, jama'ar Legas suka yi musu ihu.

A watan Mayu, ziyarar tawagar AG ƙarƙashin jagorancin Akintola zuwa Kano ta haddasa tarzomar kwana huɗu, aka kashe aƙalla mutum 36. Majalisar Arewa ta fitar da buƙatu takwas da suka kusa zama ɓallewa. Taron tsarin mulki da aka yi a Landan a wannan shekara ya haifar da tsarin tarayya na 1954, Arewa kuma ta samu mulkin kai a 1959.